Rarrafe a Farko Ake Yi, Ba a Ƙarshe Ba

Yau ina so mu tattauna a kan wata gasa wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin ko sunanta ba, amma kuwa akwai darasi a cikinta ga uwargida da kuma 'yar makaranta. Turawa suna kiranta tirayatalon, ni kuwa a nan zan riƙa ce mata tseren uku-a-jere. Watau mutum ɗaya ne zai faɗa ruwa ya yi iyo, yana fitowa ya hau keke, yana sauka daga keken kuma ya zuba da gudu, duk a rana ɗaya, ba hutu a tsakani, agogo yana ta ƙirga masa lokaci tun daga farko har ƙarshe.

Ni dai a talabijin na fara ganinta, a shekarar 2024, lokacin wasannin Olamfik na birnin Faris. Mata ne suka faɗa kogin Sen suka yi iyon mita 1,500, suka fito suka yi tseren keke na kilomita 40, sa'an nan suka ƙare da gudun kilomita 10. Wata Bafaranshiya mai suna Cassandre Beaugrand ita ta zo ta ɗaya. Surukata tana zaune kusa da ni, ta riƙe baki ta ce, "Waɗannan kam ba mutane ba ne irinmu." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Domin kuwa kowace ɗaya daga cikin matan nan akwai ranar da ba ta iya iyo ba, akwai kuma ranar da ta hau keke ta faɗi. To, ta yaya mutum yake tashi daga wannan hali ya kai wancan? Wannan tambaya ita ta sa na shiga bincike, daga bisani kuma ni ma na soma gwadawa daidai ƙarfina.

Gasar ba tsohuwa ba ce. A irin tsarin da aka san ta yau, an fara yin ta ne a watan Satumba na 1974 a garin San Diyego na jihar Kalifoniya a Amurka, inda mutum 46 suka shiga, maza da mata. Cikinsu akwai wani sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy. Su biyun nan ne suka shirya wata mai tsanani ƙwarai a Hawai a 1978, wadda ake kira Ironman: iyon kusan kilomita 4, keke kilomita 180, da gudun kilomita 42. Maza 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Shekara na zagayowa, a 1979, wata mace, Lyn Lemaire, ta shiga ta gama. A shekarar 2000 kuma aka sa gasar cikin wasannin Olamfik a birnin Sidni na Ostireliya.

Amma abin da ya sa gasar ta yi suna a duniya wani al'amari ne da ya faru a Hawai cikin watan Fabrairu na 1982. Wata ɗaliba 'yar shekara 23, Julie Moss, ta shiga Ironman domin ta sami abin da za ta rubuta a binciken kammala karatunta. Sai ga ta a gaban dukkan mata. Saura ƙiris ta kai layin ƙarshe, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, saboda ruwa da abinci sun ƙare a jikinta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi. Wata mai suna Kathleen McCartney ta zo ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, hannu da gwiwa, ta zo ta biyu da tazarar daƙiƙa 29. An nuna hoton a talabijin, jama'a da yawa suka yi sha'awar gasar saboda shi, kuma har yau ana ba da labarin a matsayin misalin jarunta.

Ban musa jaruntar yarinyar nan ba, ko kaɗan. Amma a ganina, wadda za ta fara koyo ba wannan hoton ya kamata ta rataya a ɗakinta ba. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Watau rarrafe a farkon tafiya ake yin sa, a tsakar gida, inda in an faɗi ba a ji ciwo. Wadda ta ƙi yin rarrafenta a watannin koyo, to za ta yi shi ranar gasa a gaban jama'a, in ma Allah ya sa abin ya tsaya a nan. Wannan shi ne ra'ayina, kuma shi ne dukkan abin da nake so in faɗa yau: mai koyo ta fara da kaɗan, ta fara da abin da ba ta iya ba, ta kuma dawwama a kai.

Ni kaina sai da na sha wuya kafin in gane haka. Ranar da na fara, na fita filin makarantarmu da sassafe, na ga 'yan ajina suna leƙe, sai girman kai ya ɗebe ni. Na zagaya filin sau huɗu a guje ba tsayawa. Kwana uku bayan nan, ko durƙusawa in gaida surukata sai na dafa bango. Mako biyu ban sake fita ba. Abin kunyar shi ne, ni malama ce. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa daga sauƙi ake zuwa wuya, kuma ba a ba ɗan aji ɗaya doguwar rabawa tun bai san ƙirga ba. Na san wannan game da ƙwaƙwalwar yara, amma na manta da shi game da jikina. Alhali jiki ma ɗalibi ne. Numfashi da zuciya sukan saba da aiki da wuri, amma ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi sun fi su nawa wajen sabawa. Shi ya sa za ki ji kamar kina da sauran ƙarfi, alhali gwiwa da idon sawu sun riga sun gaji, kuma daga nan ciwo yake farawa.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ta sani shi ne, gasar hawa-hawa ce, kamar azuzuwan makaranta. Ba kowa ke yin irin ta Hawai ko ta Olamfik ba. Akwai gajera, wadda yawancin masu koyo suke farawa da ita: iyon mita 750, keke kilomita 20, gudun kilomita 5. Akwai ma wadda ta fi ta gajarta, wajen mita 400 a ruwa, kilomita 10 a keke, da kilomita biyu da rabi a ƙafa. Don ki gane tsawon, a wurin iyo mai tsawon mita 25, mita 750 ƙetarawa 30 ke nan. A filin gudu mai zagayen mita 400 kuwa, kilomita 5 zagaye 12 ne da rabi. Mai lafiya wadda ta riga ta ɗan iya iyo takan shirya wa gajerar cikin kamar mako 12. Wadda ba ta iya iyo ba sam, ta ƙara wasu watanni a kan haka, kada ta ji kunya.

To, me ya sa na ce a fara da abin da ba a iya ba? Domin halin ɗan Adam ne ya riƙa komawa ga abin da ya iya, kamar ɗalibar da take son Hausa ta guji Lissafi, har jarrabawa ta zo. A wurin yawancinmu, abin da ba mu iya ba shi ne iyo, kuma shi ne mai haɗari. In kin gaji a gudu sai ki taka a hankali. In kin gaji a keke sai ki sauka. In kin gaji a tsakiyar ruwa fa? Wannan na cikin dalilan da suka sa ake fara gasar da iyo, tun jiki yana da ƙarfinsa. Duk da haka, wani bincike da likitoci suka buga a Amurka a 2017, wanda ya duba shekarun 1985 zuwa 2016, ya sami mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a wannan gasa, kuma 90 daga cikinsu a ruwa abin ya same su. Mafi yawansu maza ne masu matsakaicin shekaru, amma gargaɗin na kowa ne.

Saboda haka iyo sai da malama ko malami, kuma ba a shiga ruwa a kaɗaice, ko da an iya. Darasin farko ma ba iyo ba ne, sabawa da ruwa ne. Ki tsaya inda ruwa bai wuce ƙirjinki ba, ki sa fuska a ciki, ki fitar da numfashi a hankali ta hanci da baki, ki ɗago ki shaƙa. Kuskuren masu koyo shi ne riƙe numfashi, sai su ɗago a firgice suna haki. Bayan wannan ki koyi kwanciya a bisa ruwa, rigingine da rub da ciki, har ki yarda cewa ruwa yana iya ɗaukarki in kin saki jiki. Ni sai da na yi Asabar shida a wani wurin iyo da ya keɓe wa mata safiya kafin in ƙetare mita 25 ba tare da na kama bango ba. Ran nan na yi murna kamar ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Ina kuma gargaɗinmu da kududdufi da ruwan da ba ya gudu sosai, domin a irinsu ake ɗaukar tsargiya.

Keke ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi cin lokaci ranar gasa. Ba sai kin sayi mai tsada ba. Na ƙanena na ara, na kai wa mai gyara ya duba birki, da taya, da sarƙa. Abu biyu ne ba a wasa da su. Na ɗaya hular kwano, domin a gasar ma ba a barin mutum ya hau keke sai ya ɗaure ta. Na biyu tsawon sirdi: in feda ta kai ƙasa, ƙafarki ta kusa miƙewa sarai, saura ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa. Ki fara da minti 20 a hanyar da ba motoci, ki koyi tsayawa, da juyawa, da kallon baya ba tare da keken ya karkace ba. Ki kuma koyi yin faci da kanki, don kada ki tsaya a hanya kina jiran mai taimako.

Gudu kuwa da tafiya ake fara shi. Ki yi sassarfa ta minti ɗaya, ki taka ta minti biyu, ki maimaita har minti 20. Mako mai zuwa ki ƙara sassarfar kaɗan, ki rage takawar. Ma'aunin da masu horarwa suke bayarwa mai sauƙi ne: in ba za ki iya magana da abokiyar gudunki ba saboda haki, kin yi sauri da yawa, ki rage. Sukan kuma ba da shawarar kada ƙarin kowane mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi a makon da ya gabata. Takalmin kambas da ya zauna miki daidai ya isa, sai kuma rigar mama mai riƙe jiki sosai. A lokacin zafi, da sassafe ake fita ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo.

Yadda na tsara makona shi ne, kwana biyu na gudu, kwana biyu na keke, Asabar ta iyo tun da ita kaɗai nake samu, ranar Lahadi ɗan miƙe jiki a tsakar gida, Juma'a kuwa hutu. Kada ki raina ranar hutun nan. A lokacin hutu da barci ne jiki yake gyara abin da aiki ya taɓa, ya ƙara ƙarfi. Duk mako na huɗu kuma nakan rage aikin, kamar yadda muke ware makon bita a makaranta. In an yi nisa, sai a riƙa haɗa biyu a rana ɗaya: kina sauka daga keke ki yi gudun minti biyar ko goma. Ranar da na fara gwada wannan, na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Haka kowa yake ji da farko, kuma gara ki san wannan nauyin a bayan gidanku da ki gamu da shi ranar gasa. Har sauya kaya daga na ruwa zuwa na keke ana koyonsa, tun da agogo ba ya jira. Makon ƙarshe kuwa ba a ƙara komai, sai ragewa da hutawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin duk wannan, mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, da mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara ganin likita. Haka nan wadda take yawan jin jiri da kasala, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakaninmu mata. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji ko duhun ido tana cikin motsa jiki, ta tsaya nan take. Wannan ba ragwanci ba ne, hankali ne.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an faɗa mini shi a ɗakin malamai. Wata ta ce, "Malama, da wace sutura?" Tambaya ce mai kyau. Wata 'yar ƙasar Iran, Shirin Gerami, ta shiga gasar duniya a Landan a 2013 cikin suturar da ta rufe mata jiki da kai, kuma a 2016 ta gama Ironman ta Hawai a haka. Kayan iyo da na gudu masu rufe jiki yanzu ana ɗinka su. Wata ta ce ta tsufa. Na ba ta labarin Sista Madonna Buder, wata mai hidimar cocin Katolika a Amurka, wadda ba ta fara gudu ba sai da ta kusa shekara 50, ta shiga gasarta ta farko tana da 52, sa'an nan a 2012 ta gama Ironman a Kanada tana da shekara 82. Ku lura, shekara 30 ke nan tsakanin farawarta da wannan rana. Wannan ita ce wadda zan so mai koyo ta duba.

Wata kuma ta ce ina lokaci, ga girki, ga yara, ga aiki? Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar tana da sauƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Ni na sami nawa ne bayan na zauna da maigida na yi masa bayani dalla-dalla, ya yarda zai riƙa kula da yara na rabin sa'ar safe. Da farko yana yi mini ba'a, yanzu shi ke sa mini iska a taya. Wadda ba ta fita, tsakar gida ma fili ne: igiyar tsalle, da zagaye, da miƙe jiki. Wadda ba ta da wurin iyo, akwai irin gasar da ake yin gudu, a hau keke, a sake gudu. Akwai kuma wadda mutum uku suke rabawa, kowa ta ɗauki ɓangare ɗaya.

Wata za ta ce, to in ba za mu taɓa zuwa Hawai ba, mene ne amfanin duk wannan? Amfanin yana nan kusa da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne abin ya fi shafa. Mu ma shaida ne. Da wuya damina ta wuce ba mu ji kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa ko 'yan biki ba, kuma sau da yawa mata da yara ne a ciki. Yara maza sukan saci jiki su koyi iyo a rafi, 'ya mace kuwa sai ta girma ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Yarinyar da ta koyi kwanciya a bisa ruwa ba tare da firgita ba, ta sami abin da ya fi lambar zinariya.

Haka nan ina lura da 'yan ajina. A ƙananan azuzuwa, 'yan mata suna tsere da maza har su wuce su. Da sun fara girma sai kunya ta zo, lokacin wasanni su koma gindin bishiya su zauna. Alhali hukumar da na ambata ta ce yaro, namiji ko mace, yana bukatar sa'a guda ta motsa jiki kowace rana har ya kai shekara 17. Ina roƙon shugabannin makarantun 'yan mata kada su mai da darasin wasanni lokacin shara. Ina roƙon masu wuraren iyo su keɓe wa mata lokaci, da mata masu koyarwa. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta roƙi hawan keken yayanta a cikin gida ko a filin makaranta, ku bar ta ta koya.

Ke 'yar makaranta, kada ki jira sai an kawo gasa garinku. Ki sami ƙawa ɗaya, ku sami littafi ku riƙa rubuta abin da kuka yi kowace rana, ko da minti goma ne. Ke kuma uwargida, kada ki kwatanta kanki da matan talabijin, ki kwatanta kanki da yadda kike a watan jiya. Ni yau wata bakwai ke nan da komawata fili bayan wancan ciwon. Ina gudun kilomita 5 ba tsayawa, ina yin 15 a keke, a ruwa kuwa har yanzu ƙetarawa 12 ce iyakata, saura 18. Ban san ranar da zan tsaya a layin gasa ba, kuma ba na gaggawa. Abin da na sani shi ne, in ranar ta zo, ina so in ƙetare layin ƙarshe a tsaye da ƙafafuna, ko da ni ce ta ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.